Ƙafar Hagun Hedimasta

Kada a ɗora wa mai takalma abin da bai yi ba, shi bai ƙi shafin ba. Ranar da babbar 'yarsa ta ajiye aikin ofis ta ce za ta tara shagunan layinsu wuri guda a intanet, shi ne ya fara sa mata albarka. Shago goma sha ɗaya ne a layin, da mai kemis, da mai kayan shayi, da teloli biyu, da mai kwanuka, da wasu, duk sun daɗe suna korar ƙuda suna kallon mutane na wucewa zuwa ƙaton kantin da aka buɗe a bakin gari. Ta bi shago-shago ta ɗauki hoton kayan kowa, ta rubuta farashi a ƙasa. Mutum yana kwance a ɗakinsa sai ya latsa waya, kafin yamma kaya sun iso ƙofarsa. Wata huɗu bai cika ba layin ya farfaɗo, har tela ɗaya ya sake wa shagonsa fenti.

Abin da mai takalma ya kasa haɗiyewa shi ne wanda ke kai kayan.

Ƙanin matarsa ne. Ya haura arba'in, ya taɓa sana'a ta fi bakwai babu wadda ta daɗe a hannunsa, sai dai Allah ya ba shi baki. Duk wanda ya kira ya tambayi ina kayansa, amsa ɗaya ce, "Yanzu-yanzu!" ko da kuwa yana can ƙarshen gari yana hira. Sunan ya bi shi, har 'ya'yansa ma Yanzu-Yanzu suke ce masa in ba ya kusa. 'Yar ta sa aka ɗaura wa babur ɗin kawun nata ƙaton akwati, shi ke nan mutumin da a da ko allura ba a ba shi ajiya ya zama shi ne idon shago goma sha ɗaya. Shi ake buɗe wa ƙofa, shi ake miƙa wa ruwan sanyi, shi ake yi wa godiya har bakin titi. Mai takalma kuwa, da ya shekara talatin da ɗaya yana durƙusawa gaban ƙafafun mutane, ya koma mai ɗaure kwali. Wayar 'yar ta yi ƙara, ta ce, "Baba, lamba arba'in, ruwan ƙasa," ya hau tsani ya sauko da shi. Ba ya ganin ƙafa yanzu, sai lamba.

Duk wannan da sauƙi. Inda abin ya taɓa shi a rai shi ne maganar Hedimasta.

Hedimasta tsohon shugaban makarantar firamare ne, rabin masu shagunan layin sun sha bulalarsa. Shi ya sayi takalmin farko ranar da aka buɗe shagon, lokacin mai takalma ko gemu bai gama fitar masa ba. Tun daga nan duk wata shida sai ya sayi irinsa, baƙi mai igiya, lamba arba'in da uku. Mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Takalmi ɗaya yake ajiyewa, kuma a rayuwarsa bai taɓa taka titi da silifas ba, ya ce wannan tafiyar mutumin da ya sallama ce. Kowace Laraba yakan biyo ya zauna a kujerar katako mai hannu da ke bakin ƙofar shagon, ya buɗe jarida ya karanta da ƙarfi, yana gyara wa duniya kuskurenta. Mai takalma ya rasa mahaifinsa tun yana ƙarami. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma in tsohon nan ya ce masa "ɗana" yakan wuni yana jin daɗi.

Akwai kuma wani sirri. Ƙafar hagun Hedimasta tana da ƙullutu a gindin babban yatsa, kamar an manna rabin ƙwai, kuma babu kamfanin da ke ɗinka takalmi don irin wannan ƙafa. A ƙarƙashin kanta mai takalma yana da wata ƙafar katako da ya kafa wa guntun fata mai kauri da ƙusa, daidai inda ƙullutun yake. Sai ya shafa mai a cikin takalmin hagu, ya cusa katakon, ya bar shi kwana uku fatar ta buɗe. Duk ranar da tsohon ya zo saye, magana ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, lambarka ta ƙare, sai gata in an kawo daga sito." Shagon kuwa ba shi da wani sito, ɗaki ɗaya ne tal. A ganinsa bai kamata a nuna wa mutum mai daraja cewa ƙafarsa na da aibi ba, don haka ko 'yarsa ba ta san da katakon ba.

Sai gwiwa ta kama Hedimasta, ga ciwon suga da ya daɗe yana lallaɓawa. Fita ta yi masa wuya, Laraba ta daina bambanta da Talata. Jikarsa da ke zaune tare da shi ta koma sayen komai ta shafin, magani daga kemis, ganyen shayi, da takalmi in lokacinsa ya yi. Da yake shafin ya yi alkawarin kai kaya a yini ɗaya, mai takalma ya riƙa buɗa na Hedimasta tun kafin a nema, ya ajiye a kwalinsa ƙarƙashin kanta. Kujera dai tana nan a bakin ƙofa, kullum da safe yana goge ta.

Kuma a kujerar nan Yanzu-Yanzu ya ga damar zama in ya dawo daga kai kaya. Ya cire hular kwano, ya miƙe ƙafa, ya fara zuba.

"Yaya, ka san Hedimasta na da hoton marigayiya matarsa a kan rediyo? Kyakkyawa, wallahi. Yau sai da ya tsare ni na sha shayi kofi biyu. Ina cewa sauri nake, yana cewa, 'Ɗana, zauna, kayan mutane ba za su gudu ba.'"

"Ɗana ya ce maka?"

"Kullum ma haka yake cewa."

Mai takalma ya ci gaba da goge wani takalmi da ya riga ya goge. Shi bai taɓa shiga gidan ba, bai san akwai rediyo ba, bai san kalar labulen ba. Shekara talatin da ɗaya, ga wani ya zo jiya-jiya ya san inda ake ajiye sukari.

"Tashi daga kujerar nan, ƙafarta ɗaya ta yi sanyi."

Yanzu-Yanzu ya jijjiga ta da ƙugunsa. "Lafiyarta ƙalau, Yaya. Ta fi ni ƙarfi."

A shafin akwai wurin da mai saye ke ba da taurari ya rubuta abin da ya gani, 'yar kuma tana son karanta masu daɗi da ƙarfi don kowa ya ji. Wata ranar Asabar, shagon cike da maƙwabta, ta ɗaga waya.

"Ku ji na gidan Hedimasta. Taurari biyar. 'Muna godiya ga mai babur. Ƙafar kakanmu tana da wuyar sha'ani, amma kullum sai ya kawo masa wanda ya yi daidai kamar an gwada. Allah ya saka masa.'"

Aka yi ta tafi, mai kwanuka ya buga wa Yanzu-Yanzu kafaɗa. Shi kuma ko kunya, ya dafa ƙirji ya ce, "Baiwa ce, ido ɗaya nake yi wa ƙafa." Wasa yake yi, kowa ya san wasa ne, amma mai takalma ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya yi dariya tare da su don kada a gane, haƙoransa kawai aka gani.

Matarsa ce ta gane, da yake ita ba a ɓoye mata. Da ya koma gida ya ture kwanon abinci, ta dube shi ta gefen ido.

"Maigida, kishi kake yi da ƙanena?"

"Kishi? Da wa? Da mutumin da bai san hagu da dama a takalmi ba?"

"To in tsohon nan ne ya tsaya maka a rai, ka je ka gaishe shi mana. Gidan ba a bayan duniya yake ba."

"Wa zai tsare shago?"

"'Yarka tana nan zaune daga safe har yamma."

"Ba a kira ni ba," ya ce, ya miƙe. "Mai ɗa a gida me zai yi da baƙo?"

Ta bi shi da kallo ta ce girma dai ya zo amma hankali yana hanya. Gaskiya ta faɗa, sai dai gaskiyar da aka faɗa wa mai kishi ƙara masa wuta take yi.

Bayan mako uku wayar ta yi ƙara da hantsi. "Baba, na Hedimasta. Arba'in da uku, baƙi mai igiya."

Mai takalma ya sunkuya ƙarƙashin kanta. Kwalin yana nan, an gama aikinsa tun kwana goma da suka wuce. Ya ɗora hannu a kai, sai ya jiyo Yanzu-Yanzu a waje yana ba mai kemis labarin yadda Hedimasta ya nuna masa takardun yabonsa na aiki. Ya janye hannun. Ya miƙe, ya hau tsani, ya sauko da sabo fil daga kan shiryayye, wanda katako bai taɓa shiga ba. Ba mantuwa ba ce, yana sane sarai. A ransa cewa yake, bari mai baiwar ya kai, bari tsohon ya saka ya ji ya matse shi ya cire, a rubuta tauraro ɗaya, a zo a tambayi abin da ya faru, sannan a san wanda ke aikin. Minti ɗaya ne kawai na matsi, tunda tsohon takalmin na nan. Ya ɗaure kwalin da kyau, ya miƙa wa surukin nasa da hannunsa.

Ranar ya tambayi 'yar sau uku ko an yi wani ƙorafi, har ta ce, "Baba, yaushe ka fara damuwa da shafi?" Babu ƙorafi. Washegari ma shiru. Da yamma Yanzu-Yanzu ya baje a kujera yana fifita da hular kwano.

"Yaya, tsohon nan akwai kirki. Ka san ko buɗe kwalin bai yi ba ya ba ni tsohon takalmin, ya ce in miƙa wa mai gadin unguwarsu? Wai haka yake yi duk ranar da sabo ya zo. Ya ce takalmin shagon nan ba ya buƙatar gwaji."

Mai takalma ya dubi ƙarƙashin kanta. Bai taɓa sanin inda tsofaffin ke zuwa ba.

"Yau kuma da na kai magani sai tambayarka yake. Wai lafiyarka kuwa? Na ce garau kake, ka fi doki. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Har ƙofa ya biyo ni da tambayar."

A nan ne ya kamata mutum ya ɗauko kwalin ƙarƙashin kanta ya ce a kai yanzu. Ya san da ciwon sugan, ya san yadda ƙaramin rauni a ƙafa ke zama babba ga masu shi, mai kemis ya sha faɗa a gabansa. Amma in ya ɗauko, sai ya yi bayani a gaban 'yarsa da ƙanin matarsa. Ya ce wa kansa ai tsohon ba ya fita ko'ina, gobe zai san dabarar da zai yi. Ya kulle shago ya tafi gida da abin a cikinsa.

Goben ba ta jira shi ba. Wajen ƙarfe goma na safe yana jera kaya a bakin ƙofa, sai ya ga teloli sun fito sun tsaya, mai kwanuka ya cire hula. Layin ya yi ƙunci, mota ba ta shiga, a bakinsa ake sauke mutane. Daga can wani tsoho ke tahowa cikin riga mai guga, sanda a hannun dama, leda a hagu, yana taka ƙafa ɗaya yana jan ɗaya. Takalmin baƙi ne mai igiya, yana ƙyalli. Duk wanda ya miƙa hannu zai taimaka sai ya girgiza kai.

Da ya iso ya tsaya yana haki, ya ƙare wa mai takalma kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe kana tsaye," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ashe kana tsaye da ƙafarka."

Ya zauna a kujerarsa, ya ajiye ledar a kan kanta. 'Yar ta bar waya ta zo ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, me ya fito da kai? Da aikowa ka yi."

"In aiko wa? Kowa ƙarya zai yi mini." Ya nuna mai takalma da sanda. "Shekara talatin da ɗaya kana kora ni gida in jira sito. Ɗana, ni da na ƙare rayuwata ina sauraron ƙaryar yara, ka ɗauka ban ga shagon nan ko ƙofar baya ba shi da ita ba? Tun a takalmi na biyu na ga alamar mai a ciki. Na yi shiru ne don na ga shirun kake so. Shekaranjiya da na saka wannan ya kama ni, na ce wa jikata, mai takalma yana kwance, wani ne ya ɗauko daga shiryayye. Na tambayi surukinka ya ce garau kake. To haka ake ce wa tsofaffi. Haka aka ce mini ranar da ƙanena ya rasu. Yau na jira yarinyar ta tafi aiki na sato jiki."

Mai takalma ya durƙusa, wurin da ya fi sabawa da shi a duniya, ya kwance igiyar. Takalmin ya ƙi fita sai da ya ja a hankali. Safar ta jiƙe ta manne da fatar, jini ya yi baƙi daidai kan ƙullutun. Aka kira mai kemis, ya duba, ya wanke, ya naɗe da bandeji, fuskarsa ba walwala.

"Malam, wannan ba aikin shago ba ne. Asibiti, kuma yau."

Ana cikin haka babur ya tsaya a ƙofa, Yanzu-Yanzu ya shigo yana tambayar me ake ciki. Mai takalma kuwa hannunsa ya riga tunaninsa. Ya jawo kwalin ƙarƙashin kanta ya buɗe, ko ƙafar za ta samu sauƙi a ciki. Hedimasta ya karɓi na hagun, ya shafa babban yatsansa a kan ɗan tudun da katako ya fitar a fatar. Ya daɗe yana shafawa.

"Ashe yana nan," ya ce.

'Yar ta dubi kwalin, ta dubi shiryayye, ta dubi mahaifinta. Yanzu-Yanzu ma ya duba, kuma duk surutunsa ba wawa ba ne. Ya sosa ƙeya ya matso gaban Hedimasta.

"Baba, laifina ne. Kwali biyu ne a kan kanta, ina sauri na suri wanda ba shi ba. Ka san ni da rawar kai. A yi haƙuri."

Ga abin da mai takalma ya nema an kawo masa har hannu, laifi ya hau kan mai babur a gaban kowa. Sai ya ji abin ya fi ƙarfinsa. Wani sabon ƙyashi ma ya taso masa, wai har a kirki mutumin nan sai ya riga shi.

"Ba shi ba ne, ranka ya daɗe. Ni na ba shi da hannuna. Ina sane."

"Don me?"

"An rubuta a shafi wai shi ke zaɓo maka wanda ya yi daidai. Kowa ya ji, har tafi aka yi." Da ya faɗa da baki sai ya ji ƙanƙantar maganar, ya sunkuyar da kai. "Kuma kana ce masa ɗana."

"Wane shafi? Ni ko kunna wayar nan ban iya ba, jikata ce ke rubuce-rubucenta." Tsohon ya mayar da takalmin cikin kwali, ya rufe da kansa. "Shi yana zuwa gidana ne. Kai kuwa ni nake zuwa wurinka. Na ɗauka ka san bambancin."

Ƙafar da ke cikin bandeji ba ta shiga kowane takalmi ba. 'Yar ce ta ɗauko silifas na roba, mafi girma a shagon, ta saka masa ba tare da ta dubi kowa ba. Hedimasta ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Da zai miƙe mai takalma ya kawo hannu, amma tsohon ya riga ya dafa kafaɗar Yanzu-Yanzu.

"Ranka ya daɗe, ledarka," in ji mai takalma.

"Lemu ne. Na kawo wa marar lafiya." Ya juyo kaɗan. "Ka riƙe, ina ganin ban ɓata hanya ba."

Suka fita a hankali zuwa bakin layi inda za a samu mota, silifas na karta ƙasa, tsofaffin ɗalibansa a ƙofofin shagunansu kowa ya kawar da kai don kada ya ga an gani. Mai takalma ya tsaya a bakin ƙofa rungume da ledar. Kunya ta ishe shi, tsoron abin da likita zai ce ya ishe shi, amma duk da haka idonsa na kan hannun tsohon, yadda ya kwanta a kafaɗar ƙanin matarsa, har suka sha kwana.